Kunne ya girmi kaka

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, domin abin da ya wuce tun ba a haifi kakanmu ba, ta kunne yake iso mana. Tarihin sarautar Damagaram da Gobir da Katsinar Maraɗi, da kirarin ƴan kokowa, da waƙoƙin niƙa da daɓe na iyayenmu mata, duk ta wannan ƙofa suka shigo, kafin takarda ta zo ta kama ɗan abin da ta iya kamawa. Al'ummar da ta ajiye dukiyarta a cikin sauti kuwa, wajibi ne ta riƙa tambayar kanta lokaci-lokaci: wace hanya sautin nan yake bi kafin ya iso kunne, kuma me yake zubarwa a kan hanyar?

Wannan tambaya ce ke damuna tun da ƴar ƙaramar lasifika marar waya ta mamaye ƙasarmu. Babu inda ba ta. Tana kan teburin mai shayi, tana rataye a wuyan babur ɗin ɗan kabu-kabu, tana tsakiyar fadar samari da dare, tana tsakar gida kusa da turmi. A makarantu ma ta zama kayan aiki: malamin da zai koyar da waƙa, ko ƙungiyar da ke shirin wasan kwaikwayo, kowa da ita yake zuwa cikin jaka. A haɗa ta da wayar salula ta hanyar Bluetooth, a latsa, kiɗa ya tashi. Yaran da ke gabanmu a aji yau, da yawansu ta bakin wannan akwati suka fara jin kalangu da gurmi da algaita, wasunsu ma ta nan kaɗai suka taɓa jin su.

Ni dai kunnena ya ratsa zamani uku. Na farko shi ne na fili, inda makaɗi yake tsaye a gabanka, ganga tana dukan ƙirjinka kafin ta shiga kunnenka. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ana kiɗa, ko ya tsaya ƙofar fada ranar salla ana busa kakaki, ya san sauti abu ne da jiki duka yake karɓa. Na biyu shi ne na rediyo da kaset. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma a shekarun 1970 da 1980 shi ne ya kai muryar Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace kowace tasha da kowace kasuwa, tun daga Birnin Ƙonni har Gure. Kaset yana da lahani, amma lahaninsa a fili yake. Yana huci, zarensa yana naɗewa, in batir ya yi sanyi sai muryar mawaƙi ta ja kamar ta mai jin barci. In an kwafi kaset daga kaset, kowa ya san na biyu bai kai na farko ba, har a kasuwa kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Zamani na uku shi ne wanda muke ciki. Sautinsa tsaf yake, babu huci babu ƙara, shi ya sa ba mu zarginsa. Lahaninsa na ragi ne, kuma abin da aka rage ba ya kuka balle a ji shi.

Domin a fahimci ragin, sai a san yadda sauti ke komawa lambobi. Faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana auna sauti sau dubu 44 da 100 a cikin kowace daƙiƙa, a kowane gefe na kunne biyu. Wannan yana cin kilobit 1411 a daƙiƙa, wato kimanin megabait 10 a minti ɗaya. A wancan lokaci nauyi ne da layin tarho ba zai iya ɗauka ba. Sai masana a cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka duƙufa neman dabarar rage nauyin. Abin da suka fitar shi ne MP3, wanda aka amince da tsarinsa a 1993, aka raɗa masa wannan suna a 1995.

Dabarar tasu ta dogara ne ga rauni irin na kunnen ɗan Adam. Kunnenmu yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa kamar sau dubu 20 a daƙiƙa, kuma iyakar ta sama tana raguwa yayin da shekaru ke tafiya. Kazalika babban sauti yana danne ƙaramin da ke kusa da shi, kamar yadda ba a jin raɗa a gindin injin niƙa. MP3 yana lissafa abin da yake zaton kunne ba zai ji ba, ya yar da shi. A ma'aunin kilobit 128, wanda shi ya fi yawo a wayoyi, waƙa tana komawa kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyinta, minti ɗaya ya zama kamar megabait ɗaya. Aikin hikima ne ƙwarai, amma abin da aka yar ya tafi ke nan. Akwai wani tsari mai suna FLAC, wanda ya fito a 2001, shi kuma ba ya zubar da komai, yana rage nauyin ne zuwa wajen rabi. Ina yi wa ɗalibaina misali da babbar riga da ƙaramin akwati. FLAC ninke rigar yake yi, in ka warware ta ka same ta yadda take. MP3 kuwa almakashi yake sa wa, ya datse gefen da yake ganin ba a kallo. In tela gwani ne kuma ɗan kaɗan ya datsa, har a gama biki ba wanda zai lura. In aka ce ya cusa ta cikin aljihu, dole almakashi ya kai ga aska.

To, tafiyar ba ta ƙare a nan ba. Waƙar tana cikin waya, saura ta tsallaka zuwa lasifika. Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikinsa a 1994, aka ba shi laƙabin wani sarkin Danmak na ƙarni na goma, ƴar siririyar hanya ce mai nisan kamar mita 10. Cikakken sautin CD ba ya wucewa ta cikinta yadda yake, saboda haka waya takan buɗe waƙar, ta sake matse ta da wani tsari kafin ta aika. Tsarin da aka wajabta wa kowace na'ura sunansa SBC, wanda a ma'auninsa mai kyau yake kai wajen kilobit 328. Akwai waɗanda suka fi shi faɗi, irin su aptX da kuma LDAC na kamfanin Sony mai kai wa 990, amma sai waya da lasifika dukansu sun san tsarin kafin ya yi aiki, in ba haka ba su koma kan SBC. Ke nan rigar da tela na farko ya datsa, tela na biyu ma sai ya sa mata almakashi. Lasifikar da ke aiki da Wi-Fi ta tsira daga wannan, domin hanyarta tana da faɗi, kuma sau da yawa ita da kanta take janyo waƙar daga intanet, waya ba ta zama komai ba sai sandar nuni. Sai dai tana buƙatar intanet a gida da wutar da ba ta yankewa, abubuwa biyu da ba kowane gida ke da su ba a wajenmu.

Manyan kamfanonin da ke watsa kiɗa ta intanet sun daɗe suna gasa a kan wannan magana. Apple Music ya buɗe sauti marar ragi a 2021, Spotify ya biyo baya a 2025. Amma mai sayen megabait da kuɗin cefane lissafinsa daban ne. Awa ɗaya ta sauraro a kilobit 128 tana cin kamar megabait 58, a nauyin CD kuwa ta haura 600, ko an ninke ta da FLAC ɗaruruwa ne. Kuma in daga ƙarshe ta Bluetooth za ta bi, an sayi tsada ne an zuba a rariya. Ba na ganin laifin malamin da ya zaɓi ƙaramin ma'auni domin kuɗinsa su kai shi ƙarshen wata.

Gaskiyar da masu tallar kaya ba su cika faɗa ba ita ce, mafi girman asara a bakin lasifikar kanta take faruwa. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga ko tambari, sai an tura iska mai yawa yake samuwa, shi ya sa ake yi wa tambari faffaɗan baki. Akwatin da bai fi tafin hannu ba ba shi da ƙirjin da zai yi wannan aiki. Masu ƙera shi sun san haka, sai su kumbura wani yanki na sautin domin a ji kamar akwai kauri, abin da ke dacewa da kiɗan zamani da aka haɗa a kwamfuta, amma yake cushe kiɗan gargajiya. Da yawan waɗannan akwatuna baki ɗaya gare su, suna haɗe dama da hagu wuri guda, sai mawaƙi da ƴan amshi da makaɗa su taru a kan tabarma ɗaya, ba a san na gaba ba balle na baya. In kuma aka murɗa su har ƙarshe, kamar yadda muka saba, sai murya ta fashe.

Kiɗanmu yana cikin waɗanda wannan ragi ya fi cutarwa. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matsa tsirkiya a hammata, fata ta ɗaure ko ta saki, sauti ya hau ko ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har wanda ya san take ya ji sunansa a ciki. Daɗinsa yana cikin kaifin bugun farko da kuma jan da ke biyo baya. Matsi mai tsanani kuwa kaifin bugu yake fara dasashewa, ya shafa shi kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Haka caki da shantu da kiɗan ƙwarya, da kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya: ƙananan sautukan da ke samansu, waɗanda su ne gishirin kiɗan, su ne lissafi yake ɗauka a matsayin abin da za a iya yarwa.

Na taɓa gwada wannan da ɗalibai a wani zama na ƙungiyar al'adu ta makaranta. Na zo da faifan marigayi Malam Maman Barka, mutumin Tesker, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi, daga baya ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a lokacin da ya kusa ɓacewa. Ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa. Na sa musu waƙa ɗaya sau uku ba tare da na faɗa musu wace ce wace ba: daga faifan kai tsaye ta manyan lasifikoki, sannan MP3 mai kilobit 320 ta waɗannan lasifikoki, sannan wani kwafi da ya yi yawo a wayoyi ta ƙaramin akwati. Tsakanin na farko da na biyu sun kasa rabewa, ni ma da na rufe ido ban rabe ba. Na uku kuwa tun daga bugun farko suka yi dariya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wata yarinya da ta ce: «Malam, ai na ukun shi ne wanda muka sani. Na farkon kamar mutumin yana cikin ɗakin nan.» Ta faɗi haka ne tana mamaki, domin ba ta taɓa sanin akwai ɗaki a cikin waƙa ba.

Wannan gwaji ya koya mini adalci ga MP3. In an yi shi sau ɗaya, daga asali mai kyau, a ma'auni mai yalwa, ya wadatar da kunnen yawancin mutane. Ɓarnar tana zuwa ne daga maimaici. Kwafin lambobi ba ya rage komai in aka ɗauke shi yadda yake, ko sau dubu ne. Amma waƙa a wajenmu ba haka take tafiya ba. Wani ya ɗora ta a bidiyo, wani ya ciro sautin daga bidiyon, wani ya rage ta domin ta shiga katin memori, wani ya kunna ta a rediyon mota ya kanga waya ya naɗa a matsayin saƙon murya na WhatsApp, tsarin da aka daidaita domin magana. Kowane mataki da nasa almakashin. Wani kuma ya ɗauki wannan ragowar ya mai da ita kilobit 320 yana zaton ya gyara, alhali ya ƙara girman akwati ne kawai, rigar tana nan a datse. Har suna yakan ɓata a hanya: sai ka ga waƙar babban mawaƙi ba ta da wata shaida sai haruffan AUD da jerin lambobi, babu sunan mai ita, babu gari, babu shekara.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kukan zamanin da ya wuce. Da babu gara ba daɗi, kuma wannan ƙaramin akwati ya yi abin da babban rediyo bai yi ba. Ya kai kiɗa ruga da gona da bakin rijiya, yana cin ɗan cajin da farantin hasken rana ya ba shi. Ya ba mace damar zaɓen abin da za ta saurara tana aikinta. Mawaƙan da ba su taɓa shiga ɗakin naɗar sauti ba sun sami masu sauraro ta hanyar waya zuwa waya. Har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga katunan wayoyin mutane a Kidal ta ƙasar Mali, ya fitar da su a faifai a 2011, kuma ta nan duniya ta fara jin Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu. Hanyar da ta yi wannan ba abar rainawa ba ce. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari kwafin yawo ya zama shi kaɗai ya rage.

Tsoron nawa yana da dalili. Na ga ƙungiyoyi da iyalai masu kyakkyawar niyya sun kwashi kaset-kaset na bukukuwa da wasannin kwaikwayo da hirarrakin tsofaffi, sun kai wa mai kwamfuta a kasuwa ya juye su a MP3 mafi ƙanƙanta domin duka su shiga kati ɗaya, sannan aka bar kaset ɗin a ɗakin ajiya zafi da ƙura da gara suka gama da su. Sun yi zaton sun ceci gadon, alhali inuwarsa suka ajiye. Kaset kuwa ba ya jira. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar IASA ta masu adana sauti a duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin karanta zaren kaset suna ƙarewa, kayan gyaransu ma an daina ƙerawa. Muna da gidajen da aka kafa domin wannan aiki a Yamai, irin su CELHTO mai tattara tarihin baka tun 1968, da IRSH, da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, da taskar Muryar Sahel. Amma babban rabon abin da aka naɗa a ƙasar nan yana cikin kwalaye a gidajen mutane, a Tasawa da Madawa da Mirya da Dogon Dutsi, kuma makomarsa tana hannun irinmu.

Ƙa'idar masu adana sauti mai sauƙi ce, kowace ƙungiya za ta iya bin ta. A juye kaset sau ɗaya, da na'ura mai lafiya wadda aka goge kanta, ta hanyar waya daga na'urar zuwa kwamfuta, kada a kanga makirfo. A ajiye shi a tsarin WAV, wanda ba ya matse komai, a ma'aunin da bai gaza awo dubu 48 a daƙiƙa da bit 24 ba, kamar yadda IASA ta ba da shawara. Kaset mai minti 90 zai ci kamar gigabait ɗaya da rabi, ke nan faifan ajiya mai terabait ɗaya zai ɗauki fiye da 600. Wannan shi ne uwa. A yi mata kwafi biyu a ajiye a gidaje daban-daban, a rubuta sunan mawaƙi da makaɗansa da gari da shekara da wanda ya naɗa. Daga uwar ne za a riƙa fitar da ƴaƴa na MP3 domin yawo a wayoyi, in sun lalace a sake fitar da wasu. Kaset ɗin kansa kuma kada a yar. Wanda zai aika wa ɗan'uwansa waƙa ta WhatsApp, ya aika ta a matsayin takarda, domin ta isa yadda ta tashi.

A aji ma akwai ƴan abubuwan da ba sa cin kuɗi. In lasifika tana da ramin waya, a sa mata waya, an huta da tela na biyu. A ɗora ta a kan tebur kusa da bango, bakinta yana duban yara, maimakon a yar da ita a ƙasa. A bar murɗa ta har ƙarshe, domin sautin da kuma domin kunnuwan yaran: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa abin da babba zai iya saurara ba tare da cutuwa ba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma lokacin yana raguwa da sauri in ƙarar ta ƙaru.

Amma abin da ya fi duk waɗannan, malamai ƴan'uwana, shi ne tarbiyyar kunne. Muna koya wa yaro bambanta harafi da harafi, muna gyara masa riƙon alƙalami, ba mu taɓa zaunar da shi mun ce ya yi shiru ya saurara ba. Kunnen da bai taɓa jin cikakken sauti ba ba zai nemi a ba shi ba, kuma mai sauraron da ba ya nema shi ke sa makaɗi ya daina wahalar da kansa. Na ga matasan mawaƙa suna haɗa waƙa suna gwada ta a ƙaramin akwati, abin da bai fito a can ba su cire shi, har kalangu na gaske ya ba da wuri ga na kwamfuta domin shi ya fi fita. Ta haka na'urar da aka yi domin ta ɗauko kiɗa take komawa tana yanke wa kiɗa irin surar da zai ɗauka.

Maganin yana kusa da mu. Babu garin da ke cikin ƙasar Hausa da ya rasa makaɗi, kuma da yawansu suna zaune ba wanda ke kiransu sai ranar biki. Ko sau ɗaya a shekara, kowace makaranta da kowace ƙungiya ta gayyato ɗaya, a biya shi haƙƙinsa, ya zauna a tsakiyar yara ba makirfo ba lasifika. Su ga yadda hammata ke matsa tsirkiya, su ɗora hannu a fatar ganga tana rawa, su tambaye shi sunan kowane take da wanda aka yi wa shi. A naɗi zaman da kyau, a rubuta sunansa da ranar, a ajiye uwar. Yaron da ya zauna a irin wannan zama zai koma ga ƙaramin akwatinsa da yamma kamar kullum, amma daga ranar ya san abin da akwatin ya kawo masa da abin da ya baro a hanya.